Damin Baƙo da Damin Tuwo

Yaran nan da ke yawo gida gida da waya a hannu, wai an turo su bincike, su suka sa ni wannan rubutu. Kwanakin baya wata ta zo mini, yarinya mai ladabi, ta jero mini tambayoyi tana latsa waya, ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dubi fuskata ba. Da ta gama na ce, "'Yata, wa zai yi lissafin duk wannan?" Ta ce, "Ai Mama, kwamfuta ke yi, aikin ba wuya." Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta bakin ƙofa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na tsufa a cikin wannan sana'a, kuma ban taɓa jin wanda ya iya ta ya ce ba wuya ba.

Sunana Saratu, haifaffiyar Ikara ce ni. Ubana manomi ne, kuma shi ke kaɗa ƙararrawar cocinmu. Ina gama sakandare aka ɗauke ni aiki a wani ofishin raya noma da ke kula da ƙauyukan Ikara har zuwa Makarfi da Kudan. Zamanin soja ne. Aka tura ni sashen ƙididdiga, ɗan ɗaki ɗaya a bayan sito, inda ba mai son zuwa. Aikinmu shi ne malaman gona su shiga ƙauyuka su yi tambayoyi, su kawo mana amsoshi, mu kuma mu tace su, mu lissafa, mu rubuta rahoton da manya za su duba su yanke shawara.

Shugabana Malam Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, dogo, mai ƙarancin dariya. Hausarsa na da ɗan lanƙwasa, amma faɗansa a miƙe yake. Ranar da na fara ya nuna mini kayan aiki kamar mai nuna wa amarya ɗakinta: fensir, magogi, rula ta katako, takarda mai gida gida ta zane, tafireta da harafi ɗaya ya mace mata, da sikeli mai ƙugiya irin na mahauta. Sai kalkuleta guda, wadda ke kwana a aljihun rigarsa. Na daɗe a ofishin kafin ya bari na taɓa ta. Ya ce wanda bai iya tarawa da ka ba, in ya danna kuskure ba zai gane ya danna ba.

Aikina na farko ƙirga awaki ne, a kan takarda. Malaman gona sun tambayo gidaje a wajen Kudan yawan dabbobinsu, ni kuma na tara duka na raba da yawan gidajen, na fitar da matsakaici. Na kai masa ina jin kaina. Ya duba ya ce, "Saratu, kin taɓa zuwa Kudan?" Na ce na taɓa. Ya ce, "Kin ga kowane gida da awaki haka?" Ashe akwai wani Alhaji mai gonakin rake da garke guda, shi kaɗai ya ja lissafin sama, ya mayar da talakawa masu arziki. Malam Yohanna ya sa na jera gidajen daga mai kaɗan zuwa mai yawa, na dubi wanda ya faɗo a tsakiya. Sannan ya ba ni takarda mai gida gida, ya ce kowane gida in ɗiga masa ɗigo ɗaya a inda lambarsa ta faɗa. Da na gama sai ga ɗigogi cunkushe a ƙasa, ga na Alhaji can shi kaɗai a sama. Daga ranar ban ƙara fitar da matsakaici ba sai na fara ɗiga ɗigogina na gan su da idona.

Abu na biyu da ya dasa mini shi ne yadda ake zaɓen gidajen da za a tambaya. Ba za a iya zuwa kowane gida ba, sai a ɗebi wasu su tsaya a madadin saura. In ka bar wa mai unguwa zaɓi, gidan ƙaninsa zai kai ka, ko gidan da ya san za a ba ka fura mai kyau. Saboda haka mukan rubuta sunayen masu gidaje a 'yan takardu, mu zuba a hula, a girgiza, a jawo a gaban jama'a. Wanda ya fito shi ne, ko da gidansa na bayan rafi. Malaman gona sun tsani wannan hula, don ita ke sa su tura babur cikin laka. Malam Yohanna kuwa ko a jikinsa.

Babban aikinmu na kowace shekara shi ne rahoton kaka, wato yawan dawar da aka samu a kowane yanki. Manomi ba ya lissafi da kilo, da dami yake yi. Don haka abu biyu muke nema: dami nawa ya ɗaure, kuma tsaba nawa ke fita daga dami ɗaya. Na farko a tambaye shi. Na biyu kuwa malamin gona ke zuwa gonar ranar ɗauri, ya jawo dami da hannunsa daga cikin tari, ba tare da zaɓe ba, a sussuke, a sheƙe, ya rataya tsabar a sikeli. Mu a ofis sai mu haɗa biyun. Haka muka yi shekaru, aiki na tafiya lami lafiya.

Sai shekarar wahala ta zo, kuma da ƙafa biyu ta zo. Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Man fetur ya zama sai an yi layi, baburan malaman gona suka jingine a bango, takarda ma sai mun juya bayan tsohuwa mu yi rubutu. Batirin kalkuleta kuwa Malam Yohanna kan cire shi ya shanya a rana, wai ya ƙara masa rai. Sannan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da dawa ke ɗaukar ido. Zangarniya ta fito, amma da yawa ba ƙwaya a ciki. Kafin a samo wa malaman gona ɗan mai, an riga an girbe, an ɗaure, an zuba a rumbu. Suka bi gidaje a makare. Da yake baƙo ba ya leƙa rumbun mutum, sai su roƙi maigida ya fito musu da dami ɗaya su auna.

Ana cikin haka aka sanar da mu cewa gwamnati ta samo irin dawa mai saurin nuna, amma kaɗan ne, ba zai kai ko'ina ba. Wani kwamiti zai zauna ya raba, kuma rahotonmu zai duba. Yankin da rahoto ya ce kaka ta lalace shi zai samu. Yankin da ya ce ba laifi, sai ya ji da kansa. Mun san abin da wannan ke nufi: gidan da hatsi ya ƙare masa kafin damina irinsa zai ci, ruwa ya sauka ba abin shukawa.

Aka kawo mini amsoshin, na tara, na raba. Lissafi ya ce ƙauyukan Furana da Malikanchi sun ɗan ragu, amma ba laifi. Har an buga wannan a taƙaice an aika wa kwamiti, don suna ta matsa mana. Ni kuma na zauna ɗiga ɗigogina yadda na saba. Nauyin dami a kowace shekara warwatse yake, wani mai nauyi, wani marar nauyi, don ba hannu ɗaya ke ɗaurewa ba kuma ba gona ɗaya ba ce. Na bana kuwa duk sun taru wuri ɗaya, can sama, kamar an yi su a inji. Shekarar fari, amma ba dami marar nauyi ko ɗaya.

Na kai wa Malam Yohanna na shimfiɗa masa tare da zanen bara. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kuskuren tarawa ne?"

Na ce, "Na sake tarawa, Malam. Daidai ne."

"Malaman gona ne suka zauna a gindin bishiya suka ƙirƙiro?"

"Da mutum ɗaya ne sai in ce haka. Duka ne, kuma ba su haɗu ba."

Ya ce matarsa ta je kasuwar Makarfi, ta tarar farashin dawa na tashi a tsakiyar kaka, lokacin da ya kamata ya faɗi, kuma masu sayar da awaki sun fi masu saye. Ya naɗe takardar ya miƙo mini tare da sikeli. Ya ce, "Wannan ta gama faɗin abin da ta sani. Sauran yana Furana. Ki je ki gani."

Na hau motar 'yan kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. Gidan farko da hula ta fitar a Furana na Malam Sule ne, dattijo mai farin gemu, wanda ya san ubana, Malam ma yake ce masa. Na durƙusa a zaure muka gaisa: gajiya, iyali, mutanen Ikara, jikin Baba. Da na zo kan amfanin gona ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gode wa Allah." Na roƙe shi ya fito mini da dami in sake aunawa. Ya ce, "Don wannan? Ai ba komai, 'yar Malam."

Ya shigar da ni cikin gida, da yake ni mace ce, ya kafa tsani ya hau rumbu. Na tsaya ina kallonsa. Ya ɗago dami ya jijjiga, ya mayar. Ya ɗago wani, ya mayar. Sai da ya zura hannu can gefe ya jawo wani, ya sauko da shi yana haki. Dami ne na gani na faɗa, zangarniya cike, ja jawur. Ya ajiye a gabana ya koma zaure.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya kuwa matarsa, Inna Hajara, tana sussukar damin da aka ba ta na tuwon ranar. Na matsa na karɓi taɓarya na taya ta. Da ta sheƙe, ƙaiƙayi ya tashi ya yi tuli, tsabar da ta rage a faifai ba ta taka kara ta karya ba. Na dubi nata, na dubi nawa.

Na ce, "Inna, wannan da wancan gona ɗaya?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Gona ɗaya mana. Wancan ai damin baƙo ne. Wannan shi ne na tuwo."

"Irin wancan suna da yawa a rumbun?"

Ta rage murya. "'Yan kaɗan ne, daga gefen kwari. Don iri ya ware su. Amma yadda nake ganin rumbun nan, kafin ruwa ya sauka sai mun haɗa da su."

Sai komai ya fito mini fili. Ba wanda ya yi ƙarya. Baƙo ya zo daga ofis, ya ce a nuna masa dami, kowane maigida ya yi abin da ubansa ya koya masa: ya fito da mafi kyau. Mutunci suka yi mana, mu kuma muka ɗauki mutuncin muka ninka shi da yawan dammai, muka rubuta cewa ba sa bukatar iri.

Na rataya tsabar Inna a sikeli. Ina cikin rubutawa Malam Sule ya leƙo, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Haba 'yar Malam! Na ba ki dami, kin bar shi kin koma kan abin da ke cikin turmi? So kike a kai ni Kaduna a ce Sule ya kasa ci da gidansa?"

Na ji kunya ƙwarai, don tamkar uba yake a wurina. Amma na durƙusa na ce, "Baba, sunanka ba zai fita daga jakata ba. Ɗigo ɗaya za ka zama a cikin ɗigogi. In na rubuta wancan damin, za a ce Furana ta ƙoshi, iri ya wuce ku. Ba kai kaɗai ba, har maƙwabtanka da suka fi ka rashi."

Ya shafa gemu ya ce, "Yanzu mutum ya fito da tsiyarsa a gaban baƙo?"

Na ce, "Ba sai ka fito da ita ba, Baba. Ka bar ni da Inna kawai."

Ya juya ya tafi. Daga bakin zaure ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Maganar mata ce wannan, ni ban ga komai ba." Izini ke nan.

Da na koma na ba Malam Yohanna labari, ina ɗokin mu gyara lambar Furana mu aika. Ya ce a'a. In muka sake auna Furana kaɗai, mun yi mata gata, mun zalunci saura. Ko'ina aka yi awo a makare sai an sake, kuma a gidajen da hula ta fitar tun farko, ba waɗanda suka fi ba mu tausayi ba. Na ji haushinsa a ranar, don zaman kwamiti ya matso, amma gaskiyarsa ce. Ya aro mata biyu daga sashen koyar da matan karkara, ya zuƙe man babur ɗinsa ya zuba a motar ofis. Muka riƙa isa ƙauye da hantsi, lokacin da mata ke sussuka, ba tare da aike ba. Mu gaida maigida a zaure yadda ya kamata, ya fito da damin baƙo mu yaba, sannan mu shige ciki mu auna na tuwo. Ƙafafuna sun kumbura a wannan zagaye, takalmina ɗaya a Malikanchi ya tsinke.

Da na sake ɗiga ɗigogi sai suka warwatse yadda na hatsin gaske ke yi. A wajen Kudan, inda ruwa ya ɗan jima kuma akwai fadama, bambancin dami biyun bai da yawa. Wajen Makarfi tsaka tsaki. Furana da Malikanchi kuwa sun zube ƙasa warwas. Da mun bi tausayi da mun ce ko'ina ya lalace, iri ya watsu bai ishi kowa ba.

Malam Yohanna ya ce ni zan rubuta rahoton. Rubutun rahoto sana'a ce daban, yara. Babban mutum shafin farko kaɗai yake karantawa, don haka abin da kake so ya sani can za ka sa shi, cikin maganar da direbansa ma zai gane. Ka faɗi abin da ka samu, ka faɗi yadda ka same shi, sannan ka faɗi iyakar saninka. Na rubuta ya soke, na sake ya soke. Kalmar "yunwa" ma ya cire, ya ce hatsi muka auna, ba ciki ba. Na buga a tafireta, harafin nan da ya mace na bi na cike shi da biro.

Ranar zaman, shugaban kwamitin wani babban jami'i ne da gwamnatin soja ta turo daga Kaduna, mutum mai sauri, agogo yake ta dubawa. Ya ɗaga takardarmu ta farko da ta biyu ya ce, "Ofis ɗaya, lamba biyu. Wacce zan ɗauka? Ko wani ne ya roƙe ku ku canja?"

A zamanin nan ana sallamar ma'aikata a kan abin da bai kai wannan ba. Malam Yohanna ya dube ni ya ce, "Wadda ta yi aikin za ta yi bayani."

Na miƙe. Na shimfiɗa zanen biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta farko damin da maigida ya zaɓo wa baƙo ne. Ta biyu wanda ya ba matarsa ta yi tuwo. Iyalinsa na biyun suke ci."

Ya ce, "Kin tabbata da lambar nan?"

"Ba kowane gida muka shiga ba, ranka ya daɗe, don haka tana iya ɗan hawa ko ta ɗan sauka, na rubuta iyakar hakan a ƙasa. Amma ko ta hau iyakar hawanta ba za ta je kusa da ta farko ba."

Ya sunkuya a kan ɗigogin, ya bar duban agogo. Sai ya yi murmushi ya ce wa na kusa da shi, "Wallahi tsohona ma abin da zai yi ke nan. Ya kwana da yunwa, amma baƙo ba zai gani ba." Ya ja biro ya sa Furana da Malikanchi a gaba.

Irin bai wadata ba, ban ce ya wadata ba. Amma ya isa ƙauyukan kafin ruwan shuka, kuma gonakin da da za su zauna ba shuka an shuka su. Daga shekarar aka mayar da shi ƙa'ida a ofishinmu: in awo ya wuce ranar ɗauri, mace ke shiga ta auna na turmi. Na yi rahotanni da yawa bayan wannan, har kwamfuta ta zo na koye ta da furfurata, kuma ina sonta, tana da sauri. Sai dai duk abin da ka ba ta karɓa take yi, ba ta taɓa tambayar wa ya zaɓo damin ba. Wannan rahoton shi ne abin alfaharina, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Da kaka ta zagayo bayan waccan shekarar wahala, hula ta sake fitar da gidan Malam Sule. Damina ta yi kyau. Muka gaisa, ya shigar da ni, ya kafa tsani. Da ya kai bakin rumbu sai ya ce, "'Yar Malam, dube ni da kyau." Ya runtse ido, ya zura hannu, ya jawo wanda ya fara taɓawa ya jefo mini. Ya ce, "Wannan na sikeli."

Inna Hajara na ta dariya a bakin turmi. Shi kuwa bai sauko ba. Ya buɗe ido ya shiga ɗagawa yana mayarwa, ɗagawa yana mayarwa, har ya samo wanda ya kwanta masa. Ya sauko da shi da kansa ya ɗora mini a ka.

Ya ce, "Wannan kuma ba ruwan gwamnati da shi. Ki kai wa Babanki."

Na ɗauko shi tun daga Furana har bakin titi, wuyana na ciwo, sikeli na lilo a jakata. Ban auna shi ba.